Anezina Mai Wanke Ƙasusuwa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, ana tsakiyar tsinkar zaitun, Allah ya karɓi ran Anezina Preka, matar marigayi Zannis mai kwalekwale, tana da shekara saba'in da tara a duniya. A gonarta aka same ta, zaune a gindin bishiya, kwando a kan cinya, kamar wadda ta ce bari ta ɗan huta.

Ina zaune a ƙofar gida da bargo a gwiwa na ji ƙararrawar coci tana bugawa a hankali. Na shiga jero tsofaffin ƙauyen nan a zuciyata, ina tambayar kaina wane ne a cikinmu. Sunanki bai faɗo mini ba, Anezina, domin ke ce mai hawowa ki gaya mini idan an yi rasuwa. Ina ta duban hanya ina jiran in hango baƙin ɗankwalinki. Sai ga limaminmu, Fada Nikitas, ya hauro da kansa yana haki, ya zauna a kan dakali kusa da ni, ya kama hannuna ya riƙe. A nan na gane.

Masu buga jaridar ƙauyenmu, wadda ake aika wa 'yan uwa da ke biranen Atina da Malbon, sun nemi in rubuta wani abu kafin addu'ar arba'in, tunda ni ne tsohon malamin makaranta. Zan rubuta. Amma gara in faɗi abin da ke damuna tun daga farko, kada ƙarfina ya ƙare ban kai gare shi ba. Nan da shekara biyar za a buɗe kabarinki kamar yadda ake buɗe na kowa, kuma ban san wanda zai wanke ki ba.

Maƙabartarmu ba ta fi tafin hannu ba, a kan dutse take, babu mai kabarin dindindin a cikinta. Kowa aron wuri yake yi, idan lokacinsa ya cika a fitar da ƙasusuwansa a ba wani. Wanda yake da nasa, matan gidansu za su zo da kwano da jar giyar inabi da farin ƙyalle, su wanke shi, su sa shi a akwati mai sunansa, a ajiye a ɗakin ƙasusuwa da ke bayan coci. Wanda ba shi da kowa, ma'aikata su kwashe shi da shebur a buhu, su juye a ramin da ke ƙarshen katanga, inda babu suna. Ba mugunta ba ce, aikinsu ke nan.

Fiye da shekara hamsin, Anezina, ba a juye mutum ɗaya a ramin nan ba. Saboda ke.

Da surukarki kika fara, lokacin da 'ya'yanta mata suka tafi ƙasashen waje ba su samu dawowa ba. Daga nan aka san hanyar gidanki. Jiragen ruwa suka yi ta kwashe matasanmu, tsofaffi suka yi ta mutuwa babu kowa a kansu, ke kuwa kina ɗaukar kwanonki na tagulla kina gangarawa. Kin wanke dattijon da ya ci iyakar gonarku. Kin wanke baƙon matuƙin da teku ta jefo mana, wanda har yau ba mu san yarensa ba. Na sha tsayawa daga nesa ina kallonki. Da ƙoƙon kai kike farawa, ki ɗauke shi da hannu biyu, ki goge ƙasar da ke cikin idanu da yatsa, ki sumbaci goshin. Sannan ki durƙusa ki tankaɗe ƙasar kabarin da rariya, wai kada a bar wa mutum ɗan yatsansa a baya. Kina yi kina yi musu hira, kina ba su labarin wanda ya yi aure da wanda ya sayar da jakinsa.

Da lokacin buɗe kabarin matata Margaro ya zo, ba mu da ɗa ba mu da jika, ni kaɗai ne a bakin kabarin da ke. Na tsaya ina kallo har kika gama wanke ta. Kika miƙo mini kanta a cikin farin ƙyalle, na kasa miƙa hannu.

Kika ce, "Karɓi mana, Malam. Ba cizo za ta yi ba. Da ranta ma da baki take cizonka, yanzu kuwa ka ga ta yi shiru."

Na yi dariya, hawaye na zuba, na karɓa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A hanyarmu ta dawowa na tambaye ki, ni fa, wa zai yi mini? Ko tsayawa ba ki yi ba.

"Ka girme ni da shekara tara, kana tari kamar tsohon injin Zannis. Ni zan wanke ka. Sai dai ka rage ɗaure fuskar nan, kada ƙoƙon ya fito da ita, in rasa ta inda zan sumbata."

Da wannan magana na rayu tun daga ranar. Ban ƙara jin tsoron ramin ba.

Na san 'yan uwanmu na waje, musamman waɗanda suka zauna a ajina, da sun ji sunanki abin da zai fara faɗo musu shi ne Ƙaton. Ba zan tsallake shi ba, ko da yake an yi miki dariya a kansa, domin a wurina babu abin da ya nuna ko wace ce ke kamar wannan.

Tun zamanin kakanninmu makiyaya suka tsinci wani ƙoƙon kai a kogon da ke saman ƙauye. Ya yi girman tulu, kuma a tsakiyar goshinsa akwai rami guda ɗaya, babba. Babu wanda ya yi gardama a kan ko na wane ne. Na ƙaton nan ne mai ido ɗaya da magabata suka ba da labarinsa. Limamin wancan zamani ya ƙi yarda a shigar da shi coci, ya kuma ji tsoron a jefar, sai aka ɗora shi a kan kanta mafi tsawo a ɗakin ƙasusuwa. Da shi iyaye suke tsorata yara. Yaran kuma su leƙa ta taga, su nuna shi da yatsa, su ruga.

Wata rana bayan an tashi daga makaranta kika tare ni a bakin ƙofa, kina sabuwar amarya, da tulun ruwa a kafaɗa. Kika ce tunda ni na yi karatu a Atina, in gaya miki wa ya haifi Ƙaton. Ban taɓa jin an yi wannan tambaya haka ba. Na gaya miki yadda aka koya mana. Ƙasa ce uwarsu, Sama ne ubansu, su uku ne, kowanne da ido ɗaya a goshi. Uban ya dube su ya ji ba ya son ganinsu, sai ya danna su can cikin duhun ƙasa ya rufe. Sun daɗe a wurin kafin wani daga cikin sababbin alloli ya fito da su, suka zama maƙera, suka ƙera masa aradu. Na ƙara da cewa wasu kuma sun ce makiyaya ne masu zama a kogo suna cin mutane.

Kika ajiye tulun. Kika ce, "Wannan na cin mutane maganar maƙwabta ce, na san irinta. Wato dai ubansa ne ya ƙi shi saboda fuskarsa."

Na ce, "Tatsuniya ce fa, Anezina."

Kika ce, "Tatsuniya da ƙoƙon kai?"

Sai daga baya Margaro ta tuna mini da ƙaninki Antonakis, wanda aka haifa da tsagaggen leɓe. Mahaifinku bai taɓa barinsa ya fito tsakar ƙauye ba, a ɗakin baya ya girma, a can ya mutu yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ke ce kike kai masa abinci. Ba ki taɓa yi mini maganarsa ba, ni ma ban taɓa yi miki ba.

Daga wannan shekara, duk Asabar ɗin tunawa da matattu, bayan kin gama da mutane sai ki jingina tsani, ki sauko da Ƙaton a rungume. Ki wanke shi da giyar inabi kamar kowa, ki sa masa reshen ɗoɗɗoya a cikin idon, ki mayar da shi. A cikin farantan dafaffiyar alkama da rumman da ake kai wa coci domin mamata, akwai nasa. Limaminmu na lokacin, marigayi Fada Yerasimos, ya yi faɗa, ya ce ba zai ambaci wanda ba a yi wa baftisma ba a gaban bagadi. Kika ce ba ki nemi ya kira sunansa ba, tunda ba shi da suna. Ya dai ce "da waɗanda ba su da mai tunawa da su", ke kin san wanda kike nufi. Ya yi gunaguni, amma ya riƙa faɗa, kuma har yau Fada Nikitas yana faɗa.

Haka aka yi wajen shekara arba'in, har wani baƙo ya ɗauki hoton ƙoƙon, hoton ya kai hannun masana. Aka turo mana wata mata mai suna Dakta Elfida, mai ladabi da sanyin murya. Aka sauko mata da shi, ta jujjuya, ta ce na giwa ne. Wai akwai wasu ƙananan giwaye da suka zauna a tsibiran nan tun babu mutum. Ramin goshin ba ido ba ne, mahaɗar hanci ce, idanun ga su nan ƙanana a gefe. Ta ce mai yiwuwa irin wannan ƙoƙo ne mutanen farko suka tsinta, suka yi kuskuren da kakanninmu suka yi, labarin ƙaton ya samo asali. Sannan ta shinshina shi, ta tambaya me ya sa ya yi ja haka, wa ya jiƙa shi da giya. Duk aka juyo ana dubanki. Ta yi bayani a hankali cewa giyar ta shiga ƙashin sosai, gwajin da za su yi don gane shekarunsa zai yi wuya yanzu.

Kafin yamma magana ta kai shagon gahawa. Aka ce Anezina ta shekara arba'in tana shayar da giwa, shi ya sa gonar inabin Zannis ba ta taɓa yin riba ba. Aka laƙaba miki Uwar Giwa. Kin ji zafi, na sani, don kin daina bin ta gaban shagon har damina ta wuce. Ba zan ce ke ce mai gaskiya ba. Dakta ce mai gaskiya, kuma ke ma kin yarda, bayan kin sa ta zana miki giwar a takarda kin duba da kyau. Abin da kawai kika ce shi ne, ai kuwa ta sha tafiya.

Ranar da za a tafi da shi, sun zo da akwatinsu mai laushin ciki. Kika ce su dakata. Kika je gida kika ɗauko farin zanen gado daga cikin kayan aurenki, kika naɗe shi yadda kike naɗe kowa. Kika ce wa Dakta, "'Yata, kada ku ajiye shi inda yara za su riƙa nuna shi da yatsa. Ya sha wannan." Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta. Kika raka su har bakin jirgi.

Kantar ta zauna wayam, amma farantin alkamarsa bai fasa zuwa coci ba. Na taɓa tambayarki na wane ne yanzu. Kika ce in sha miyata tun ba ta huce ba.

Miyar nan ma sai na ambace ta. Tun rasuwar Margaro babu makon da ba ki hauro mini da tukunya ba, wake ko kifi ko ganye da man zaitun. Ki buɗe mini tagogi, ki ce gidan yana warin tsohon littafi da tsohon mutum, ki zage ni a kan rigar da ban canza ba. Ba waliyyiya ba ce ke. Kina da baki, kina da riƙo, akwai matar da kika shekara goma ba ki gaisa da ita ba a kan akuya. Amma da ta mutu ke kika wanke ta, kuma an ji kina ce mata maganar akuya ta wuce.

'Yarki Flora ta iso daga Malbon bayan an riga an binne ki. Ni na riƙe ta ranar baftismarta, na zama kamar uba a gare ta, don haka na ga ina da bakin magana. Na same ta a ɗakin girkinki tana haɗa kaya, ita ma furfura ta fara fito mata. Na ce mata nan da shekara biyar ina so ta dawo.

Ta ce, "Baba, na san abin da za ka ce. Ba zan iya ba. Ban taɓa riƙe ƙashin mutum ba, kuma ba da na uwata zan fara ba."

Na ce, "Ita ma ba da iyawa aka haife ta ba."

Ta ce, "Ka manta a ajinka babu yaron da yake karɓar burodin gidanmu? Cewa suke da hannun da ta taɓa matattu ta kwaɓa. 'Yar mai ƙasusuwa, haka na girma. Na bar tsibirin nan ne don in zama Flora kawai."

Ban manta ba. Ta ce za ta yi magana da ma'aikata su sa ki a akwati mai kyau, ba za a kai ki ramin ba. Na ce akwati daban, wanki daban. Ta share ido da bayan hannu, ta ce ba za ta yi mini alkawarin da ba ta san za ta cika ba. A wannan ta gado ki. Ban ga laifinta ba, kuma kada wanda ya karanta wannan ya ga laifinta. Da zan fita ta bi ni da kwanon tagulla da rariya, ta ce ba ta san abin da za ta yi da su ba, kuma ba za ta iya jefarwa ba.

Na bi matan da suka rage a ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Wadda gwiwarta ba ta lanƙwasa, wadda idonta ya tafi, wadda 'ya'yanta za su ɗauke ta zuwa Atina da bazara. Kowacce ta yi kuka ta ce Allah ya kawo mai yi.

Anezina, na gaji. Shekarata tamanin da takwas. Duk wanda na yi yarinta da shi yana cikin akwati a bayan coci. Hawa daga bakin teku zuwa gidana, da nake yi ina waƙa, yanzu sai na zauna a hanya sau da yawa. Na daɗe da shiryawa. Likitan da yake zuwa mana a jirgin Alhamis ya shekara biyu yana rubuta mini maganin zuciya, ina gode masa, ba na karɓowa. Na ga babu dalilin tsawaita zama, tunda na san hannun da zan faɗa.

Alhamis ɗin da ta wuce na gangara wurinsa da sandata, na ce ya ba ni maganin, duka, har da wanda ya ce yana sa jiri. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce me ya faru, ko aure zan yi. Na ce aiki ne da ni nan da shekara biyar. Ya yi dariya, sannan ya ga ba wasa nake yi ba. Ya ɗora mini abin awo a ƙirji ya daɗe yana saurare. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, shekara biyar da nisa ga wannan zuciya, amma ya taɓa ganin masu taurin kai sun kai. Ya hana ni gishiri da gahawa, ya ce in riƙa tafiya kullum ko ba na so.

Ina sha. Ina tafiya, kuma ba na so. Ba na marmarin waɗannan shekaru ko ɗaya daga cikinsu, kowace safiya nauyi ce. A al'adarmu wankin ƙasusuwa ba aikin namiji ba ne, na sani, hannuna kuma rawa yake yi. Amma na kalli naki hannun ya isa in san inda ake farawa da inda ake ƙarewa. Fada Nikitas ya ce zai riƙe mini kwanon. Nawa wankin kuwa, na daina tambaya.

Idan ban kai ba, ina roƙon duk wanda wannan jarida ta shiga hannunsa, a Atina yake ko a Malbon, ya tuna akwai uwarsa ko kakansa a ɗakin nan cikin farin ƙyalle, kuma ba da kansu suka shiga ba. Kwanon yana gidana, a kan teburin da ke bayan ƙofa. Ba na kulle gida.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Flora da mijinta da 'ya'yanta, ga dangin Preka na nan da na nesa, da kuma tsofaffin ƙauyen nan da suka rasa mai leƙo su. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Ke kuma Anezina, Allah ya ji ƙanki, ya gafarta miki abin da harshe ya yi, ya dubi abin da hannu ya yi. Ya ajiye ki a wuri mai haske da sanyi, inda babu ciwo babu baƙin ciki, kusa da Zannis, kusa da Antonakis. Ƙasar da aka ara miki ta yi miki sauƙi. Allah ya sa a daɗe ana tunawa da ke. Ni kuma ya ara mini numfashi gwargwadon aikin, kada ya ƙara ko kwana ɗaya a kai. Amin.

Iyakobos Sigalas, tsohon malamin makaranta